Tufafi kaɗan masu ƙarko: wa ya san inda ake samu a Yamai?

Maman Iman, Banifandu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema. Armuwar ɗina ta cika har ƙofar ba ta rufuwa, ga akwatuna ƙarƙashin gado, amma kullum da safe in zan tafi biro sai in tsaya ina juya kaya, ƙarshe in ja baƙar abayar nan da na sa jiya. Na ga wani tsari da ake yi a Turai, kafsul suke ce masa: mutum ya rage tufafinsa su dawo kamar guda 30, marasa hayaniyar ado, masu launin da ke shiga da juna, ta yadda kowace riga za ta hau kowane siket. Ina so in gwada. Waɗanne kamfanoni ne ke yin irin kayan nan, kuma ta ina ake samunsu a Yamai? Don Allah kar wanda ya ce mini in je Dubai.

Ƴar Yantala a Liyon:
Wa alaikumus salam Yaya. Nan ana yinsa sosai, kuma ya daɗe. Wata mai kanti a Landan, Susie Faux, ita ta yaɗa shi tun shekarun 1970, sannan Donna Karan ta Amurka ta fito da nata a 1985, kaya guda 7 kacal da mace za ta riƙa cuɗanyawa. Wanda aka fi bi yanzu na Courtney Carver ne da ta fara a 2010: kaya 33 na wata 3, har da takalmi da jaka da sarƙa, amma ba a ƙirga kayan barci da na ciki.

Kamfanonin da aka fi ambata: Uniqlo da Muji na Japan, COS da Arket na rukunin H&M, sai Everlane na Amurka. Uniqlo ya fi sauƙin kuɗi, COS ya fi tsada amma yana yin dogayen riguna masu faɗi da za su yi wa irinmu. Uniqlo ma sun taɓa haɗa kai da wata mai zana tufafi, Hana Tajima, tun 2015 suna fitar da kayan rufe jiki har da hijabi. Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikinsu da ke da kanti a Nijar. Sai dai ki ba mai zuwa saƙo. Kuma ki riƙa lissafi: yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan rigar yuro 40 ta haura jikka 26, kafin kuɗin kilo.

Telan Bukoki:
Jikka 26 riga ɗaya, ba ko aiki a wuya? Hajiya, kawo kuɗin nan Bukoki in yi miki biyu, har da canji.

Ƴar Yantala a Liyon:
Baba tela, rashin aikin ai shi ake nema.

Telan Bukoki:
Na gane ɗiyata, tsokana nake. Amma bari in yi magana ta gaskiya tunda sana'ata ce. Abin da kamfanonin can ke sayarwa abu uku ne: yadi mai kyau, yanka mai kyau, ɗinki mai tsabta. Sunan da ke wuyan rigar ba ya hana ta yagewa. Su suna yanka ne da awon mutum miliyan, ni da awon jikinki nake yankawa. Sai dai ɗinki maras ado ya fi wuya, wannan kowane tela na gaskiya ya sani. In akwai surfani da duwatsu da leshi a baki, suna ɓoye karkata. In babu komai, kafaɗa ta zame da yatsa ɗaya kowa zai gani. Saboda haka kar ki kai wa tela yadi mai tsada a karon farko. Ba shi mai arha ya yi miki doguwar riga ɗaya, ki juya cikinta ki duba. An bi bakin yadin da keken sufile ko an bar shi yana zare? Layin ɗinkin ya miƙe? Hammata tana ja in kin ɗaga hannu? An bar rara a ciki saboda ranar da jiki ya ƙaru? In ya ci wannan jarrabawar, ki riƙe shi kar ki sake.

Tanti mai atamfa, Babbar Kasuwa:
Ni dai dariya kuke ba ni. Turawa sun gano abin da kakanninmu ke yi, sun sa masa suna, yanzu mu za mu biya kuɗin jirgi mu koyo. Turmi ɗaya na atamfa yadi 6 ne, zane uku. Riga, zane, kallabi, ga na goyo ko na yafawa. Zanen nan in ya tsufa ya koma na aikin gida, daga nan ya koma shimfiɗar jariri. Wace rigar kanti ce ke yin haka?

Kuma in suna kike nema, muna da shi. Vlisco na Holan tun 1846 suke aiki a garin Helmond. Uniwax a Abijan ake buga shi, Woodin ma na gidansu ne, kuma Woodin na da zane-zane masu sanyi waɗanda suka dace da biro. Shadda kuma kowa ya san Getzner ta Ostiriya. Iyayenmu har na gida sun sa, lokacin da Sonitextil ke bugawa a nan Yamai.

Maman Iman, Banifandu:
Tanti ban ƙi taki ba, amma atamfar ce ta cika mini ɗaki. Kowace da furenta, rigar wannan ba ta hawa zanen waccan. Kuma in na sa atamfa mai manyan fure ranar Litinin, in na maimaita ta Alhamis duk biro sun gane. Abu maras zane kuwa ba mai riƙe shi a kai.

Tanti mai atamfa, Babbar Kasuwa:
To a nan kin yi gaskiya. Ki nemi mai ƙananan zane, launi biyu kawai, ki ɗinka siket da ita, ki sa riga maras zane a sama. Amma shawara ɗaya: turamen da ba ki ɗinka ba, musamman na lefe, kar ki sa su cikin lissafin ragewar nan. Wannan ajiya ce. Holan ta gaskiya in ba a sa mata almakashi ba, ranar da kika matsu kuɗi ce a hannu. Ɗinkakku ne ba su da kasuwa.

Maras zane, na ga alama, shi zai kashe mana ciniki, Allah ya kyauta.

Mai bosho, Katako:
Salamu alaikum. Duk sunayen da ƙanwarmu ta Faransa ta jero, ina ganinsu cikin dilar bosho, wato gwanjo. Uniqlo, COS, Zara, har waɗanda ban iya karantawa ba. Ba kullum ba, kuma ba za ki ce ina son shuɗiya lamba 40 a miƙo miki ba, sa'a ce. Dabarar ita ce ki san ranar da mai kaya ke buɗe dila, ki zo da wuri ki yi zaɓin farko. Ya fi tsada kaɗan, amma nan ake samun wanda ko sau biyu ba a sa ba. Bayan an tsince sai tarkace. Ki ba mai bosho ɗaya lambarki, ki faɗa masa launi da awo, zai riƙa ware miki. Kaya dai sun ƙara kuɗi tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar Lome ta yi nisa, kar ki zo da farashin da.

Kuma ki bar kallon sunan da ke wuya. Juya rigar, gefen ƙasa akwai ƴar farar takarda. In an rubuta coton ko lin, wato auduga ko lilin, ɗari bisa ɗari, ɗauka. In polyester ya fi yawa, ajiye, komai kyanta.

Likitar yara, Lazare:
Maganar nan ta ƙarshe ita ce ginshiƙi, ku dubi garin da muke ciki. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ga kuran yana ɗaukewa. Yadin roba ba ya shan gumi, yana riƙe shi ne tsakanin fata da riga, shi ya sa ƙurajen zafi da wari. Auduga na sha ta saki. Lilin ya fi kowa shan iska, illarsa yamutsewa, kin zauna cikin taksi kin fito sai ka ce ba a taɓa goge shi ba. Mai haɗin auduga da lilin shi ne tsaka-tsaki. Biskos ma yana da sanyi a jiki amma ba ya jure wanki da hannu, musamman irin murzar da ake yi a gidajenmu.

Kafsul ɗin Turawa rabinsa kayan sanyi ne: kwat, suwaita, but. Mu rigar sanyi ɗaya mai kyau ta isa Disamba da Janairu. Abin da ke cin lissafinmu shi ne yawan wanki. Su suna sa riga sau uku kafin a wanke, mu da bazara sau ɗaya ne, wani lokacin ma sai ka canza da la'asar. Don haka guda 33 har da takalmi da mayafi ba za su ishe ki ba, sai in kullum kina bakin famfo. Kar ki ɗaure kanki da lambar wata mata da ke zaune inda ƙanƙara ke sauka.

Telan Bukoki:
Likita ta gama magana. In ƙara: a kasuwa ba takarda jikin yadi, kuma kowane mai kanti zai rantse miki auduga ce. Roƙi ɗan ƙyalle, ki kunna masa ashana. Auduga na ci da wuta, warinta na takarda, tokarta na murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri, ga baƙin hayaƙi. Mai kantin da ya hana ki ƙyalle ya riga ya ba ki amsa.

Ɗiyar Adar, Tawa:
Ku tsaya hwa in hwaɗa muku, duk kun bar jaki kuna bugun taiki. Ba kamfani na matsalar Maman Iman ba, anko na. Ta buɗe armuwar tata ta ƙirga, in rabin kayan ba na buki da suna ba ne ku ce na yi ƙarya. Nan Tawa wata guda sai a yi maka anko ukku: na ƙawaye, na dangin uwa, na ƙungiyar adashe. Ka saye, ka kai ɗumki, ka sa wuni guda, anka ɗauki hoto, shi ke nan ya mutu. Ba ka iya sa shi zuwa wani buki don kowa ya san na auren wance na. Ko kin rage kayanki sun koma goma, kahin shekara ta zagayo sun koma hamsin.

Maman Iman, Banifandu:
Wallahi kamar kina cikin ɗakina. Leshi ma ya fi yawa, irin mai ƙaiƙayi.

Tanti mai atamfa, Babbar Kasuwa:
A'a, kar ku taɓa anko. Ba don ina sayarwa ba. Anko shi ne shaidar cewa kin tsaya wa mutum ranar farin cikinsa. Ranar auren Iman, in Allah ya kai mu, za ki so ki waiga ki ga mutanenki cikin kaya iri ɗaya. Wadda ta ƙi yi wa mutane, ita ma ba za a yi mata ba.

Ɗiyar Adar, Tawa:
Tanti, da girmanki, zumuncin da sai an ci bashi kahin a yi shi wane iri na? Na san mata da ke karɓar anko bashi su biya kaɗan-kaɗan, bukin ya wuce, amarya ta haihu, ba su gama biya ba. Kuma wadda ba ta samu yi ba sai ta ƙi zuwa don kunya. Ke nan ankon ya raba, bai haɗa ba.

Tanti mai atamfa, Babbar Kasuwa:
Wannan laifin masu fidda anko mai tsada ne. Da can atamfa mai sauƙi ake zaɓa don kowa ya samu. Yanzu ne aka mai da shi gasa.

Malamin lakwal, Talaje:
Ku yi haƙuri namiji ya sa baki. Ku duka biyu kuna da hujja. Aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ake yawan jawowa kan almubazzaranci, ita ce kuma ta fara da umarnin a yi ado wajen zuwa masallaci. Ado ba laifi ba ne, wuce iyaka ne laifi, kuma iyakar mai albashin jikka 80 ba ita ce ta matar ɗan kasuwa ba.

Ga lissafin da nake yi wa uwargida. A ce leshin anko da ɗinkinsa ya ci jikka 40, an sa shi sau 2: kowace sawa jikka 20. A ce doguwar rigar auduga ta ci jikka 15, ana sa ta sau ɗaya a mako har shekara 2, wato kusan sau 100: kowace sawa sefa 150, dala talatin. To wanne ne mai tsada? Da wannan lissafin ma rigar yuro 40 ɗin can ba ta yi tsada ba, in dai za ta jure.

Mu maza kuwa mun daɗe cikin tsarin nan ba mu sani ba. Kaftani fari, ruwan toka, ruwan bula, ruwan ƙasa, babbar riga ɗaya ta Juma'a da Idi, sai huluna. Hula ce ke canza fuska. Ba wanda ya taɓa tare ni ya ce Mushe ai wannan ka sa ranar Talata.

Likitar yara, Lazare:
Don kai namiji ne Malam. Mace ta maimaita kaya biki biyu a jere, kafin ta iso gida labari ya riga ta: ko mijin ya karye ne? Wannan ido shi ne ainihin abin da ke cika armuwar, kuma mu mata mu ke yi wa junanmu.

Abin da nake yi da anko: na ƴan uwa na jini da aminai na ƙut da ƙut ina saye, sauran in kai gudummawata a ambulan, in sa kayana in je. Wanda na saya kuma ba na bari a yi masa ɗinkin yayi mai fiffike da jela. Bubu ko riga da siket marasa ado nake sa a yi, bayan biki siket ɗin ya shiga kayan aiki. In atamfa ce ma mu biyu muke raba turmi da ƙanwata. An yi gunaguni da farko, yanzu an saba.

Wani ɗalibi, Harobanda:
Iyayena ku ba ni dama. Tunda ana maganar kamfanoni, ya kamata a tuna inda ake ɗinka kayan. A watan Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka. Riga mai arha akwai wanda ya biya sauran kuɗin. Kuma boshon da muke murna da shi ragowar abin da suka gaji da shi ne. Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji a 2016 don ta tayar da masaƙunta, har Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi a 2018, ba ta ja da baya ba. Maƙwabtanmu na Burkina tun zamanin Thomas Sankara suke ɗaukaka saƙinsu na hannu, faso dan fani, yau manyansu shi suke sawa. Mu ina namu? Ga tera-tera, ga saƙi, ga masu aikin hannu a Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama. Alphadi mai zana tufafi ya kai FIMA, bikin nunin tufafin Afirka, cikin hamada kusa da Agadas tun 1998 don a ce Afirka na da nata.

Mai bosho, Katako:
Ɗalibi, wandon da ke jikinka yanzu, tsakaninka da Allah, a ina ka saya?

Wani ɗalibi, Harobanda:
Wajenku ne Yaya, bursa ba ta kai Wadata.

Mai bosho, Katako:
To madalla. Ranar da aka tayar da masaƙa ni ne farkon mai sarin kayanta. Kafin nan a bar talaka ya rufa asiri.

Telan Bukoki:
Saƙin hannu yana da kyau kuma yana shekaru, amma yana da nauyi, ba na kullum ba ne a zafin Yamai. Ana yin ƴar shara ko siket da shi, ko a sa layi ɗaya a bakin hannu. Wannan ya isa ado.

Ƴar Yantala a Liyon:
Yaya saura launi. Nan abin da suke zaɓa fari, baƙi, ruwan madara, ruwan toka.

Ɗiyar Adar, Tawa:
Hwari? Ta hau kabu-kabu da shi cikin hunturu ta gani. Kahin ta kai biro ya koma ja. Baƙi kuma rana ya ka sha, ga shi shina koɗewa wurin shanya. Ki ɗauki ruwan ƙasa, ruwan goro mai duhu, ruwan hanta, shuɗin baba. Waɗanga ƙura ba ta tona musu asiri. Hwarin a bar shi ga shadda ta Juma'a, in ya dushe a kai marina a rine shi ya dawo sabo. Takalmi kuma kar ki wahal da kanki, balka ta Tawa guda ɗaya ta fata ta gaske ta hi robobin nan biyar, in ta tsinke baduku ya gyara.

Tanti mai atamfa, Babbar Kasuwa:
Kuma duk mai tsadar da kika saya, wanki ke kashe shi. Shadda da atamfa ba a jiƙa su cikin omo, ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a juya ciki waje, a shanya a inuwa. Shadda bugu take so, ba dutsen guga mai zafi ba. Sannan jabu ya yi yawa, har tambarin suna kwaikwaya. Atamfar kakin gaske ciki da waje kusan ɗaya ne, in kin ga bayan ya yi fari-fari bugun fuska ɗaya ne. In aka ce miki Holan ce a rabin kuɗi, araha ba ta ado.

Maman Iman, Banifandu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya. Launi uku: shuɗin baba, ruwan ƙasa, ruwan hanta. Dogayen riguna na auduga wajen tela, siket biyu marasa zane da biyu na atamfa mai sanyi, rigunan sama in nema a Katako, abayata tana nan, mayafai su zama huluna irin na Malam. Kayan biki kala uku masu kyau zan ware daban, ba na sa su cikin lissafi. Ƙanwata ta Liyon, in za ki zo hutu ki taho mini da rigar lilin ɗaya ta Uniqlo, ina so in ba tela ya kwaikwayi yankan. Turamen lefe na ji maganar Tanti, ba zan taɓa ba. Anko kuma zan gwada hanyar Likita, sai dai dangin mijina ban san ta inda zan ɓullo musu ba.

Likitar yara, Lazare:
Na dangin miji ki saya kawai, ba a nan ake fara juyin juya hali ba.

Telan Bukoki:
In za ki zo, ki fara wanke yadin ki shanya, auduga na shiga a wankin farko, kar in ɗinka daidai ta koma ta Iman. Ki taho da rigar da ta fi zauna miki a jiki. Kuma ki zo kafin azumi ya kama. Daga goma ga wata ko ƙanwar uwata ce ta kawo ɗinki, ba na ɗaukar alkawari.

Ɗiyar Adar, Tawa:
Maman Iman, leshin nan da za ki hidda, kar ki kai ko'ina. Akwai ɗiyan maƙwabta biyu da za a yi ma aure bayan Salla, iyayen ba su da ƙarhi. Ki haɗa a jaka ki kai tasha a sa motar Tawa, ni zan biya kuɗin saƙo. Mai ƙaiƙayin ma ki sa, a yi mishi shafi.